Lodin Baƙo da Na Soke

Jega,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah nake farawa, ina roƙonsa ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da natsuwa, ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya kai ki Turkiyya lafiya, ya dawo mana da ke da abin da kika je nema.

Za ki yi mamaki, gida ɗaya muke, ga ni ga ki, amma sai na rubuta takarda na ba Innarki ta miƙa miki. Akwai maganar da bakina ba zai iya yi a gabanki ba. Shekaranjiya na gwada da kika kawo mini ruwan alwala, sai na ɓuge da tambayarki ko kin sayi rigar sanyi. Maganar ta Kawunki Arzika ce, yayan Innarki na Mungadi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba mu yi magana da shi ba. Kin taso kin ga haka, kin yi hankali ba ki taɓa tambaya ba, mu kuma ba mu taɓa gaya miki dalili ba. Yanzu yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye tun bayan Sallah, har yau ban taka na duba shi ba. Ba na son ki bar ƙasar nan ba ki san abin da babanki ya yi ba.

Ke kika ba ni hanyar da zan bi in faɗa. Kin tuna ranar da na tsare ki bayan la'asar na ce ki yi mini bayanin wannan karatu naku na hulɗar ƙasa da ƙasa, tunda za ki ƙetare teku don ƙaro shi? Kika ce malamanku sun rabu. Wasu sun ce duniya ba ta da alƙali, kowace ƙasa ƙarfinta ne gatanta, sauran magana ado ne. Wasu sun ce a'a, ciniki da yarjejeniya da zama teburi ɗaya suna ɗaure ƙasashe har su daina faɗa. Wasu kuma sun ce aboki da maƙiyi ba haihuwarsu ake yi ba, mutane ne ke mayar da juna haka da irin kallon da suke wa juna. Na yi dariya na ce ashe abin da muka yi shekara talatin muna yi a tasha ne ake ba mutum digiri a kansa. Kin ɗauka wasa nake. Ni kuwa a zaunen nan na gane duk ɓangarorin ukun na taɓa shiga, kuma a kowanne sai da na yi ɓarna.

Lokacin da na fara tuƙi akwai wata al'ada tsakanin tasharmu ta nan Jega da 'yan'uwanmu direbobin Aliero da na Maiyama, muna ce mata lodin baƙo. Idan direban Maiyama ya kawo fasinja nan, ba ya komawa da mota wayam. In motocinmu uku suka yi lodi suka tashi, ta huɗu tasa ce. Mu ma in mun je can haka ake mana. Ba a rubuce take ba, ba wanda ya san wanda ya kafa ta. Da ita na san Arzika. Yana jiran layinsa, ni ina jiran nawa, muka riƙa cin abinci kwano ɗaya a rumfar tasha. Shi ya kai ni gidansu a Mungadi, a can na ga Innarki tana sheƙar gero, shi kuma ya shige mini gaba wajen iyayensu har aka ba ni ita.

Da shekaru suka tura aka naɗa ni wakilin tasharmu, ni ke magana da yawun direbobinmu in wani abu ya haɗa mu da na waje. Shi ma Arzika ya zama wakilin na Maiyama. Motoci suka yi yawa, layi ya yi tsawo, samarin direbobinmu suka fara guna-guni, wai ana ba baƙi abincinsu. Na zauna na duba lamarin, na ga gaskiya ce ƙarara: babbar kasuwa a nan take, hanyoyi a nan suka haɗu, a rana motarsu goma za ta zo mana kafin tamu biyu ta je musu. Na ce to me ya sa mai ƙarfi zai riƙa ba da abin da ba wanda zai iya ƙwata a hannunsa? Na tara kwamiti, na soke lodin baƙo.

Washegari Arzika ya zo da kansa, ya same ni a rumfa, ya ce, “Mamman, mi kaka son yi haka? Wanga abu tun muna koyon tuƙi munka ishe shi.”

Na ce, “Arzika, zumunta daban, aiki daban. Ku ka bukatar Jega, Jega ba ta bukatarku.”

Ya dube ni ya ce, “To, mun jiya. Allah shi ba mu alheri.” Ya tashi ya shiga motarsa wayam ya koma.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen Aliero. Su da na Maiyama ba su taɓa jituwa ba, kullum suna cacar baki a kan kayan albasa, don haka ban ko kawo su a raina ba. Kafin sati biyu sun haɗa kai. Suka samu wata inuwa a bakin kwalta, can wajen gari, suka riƙa lodi a nan. Dillalan albasa suka bi su, don su dai a kai musu kaya. Mu da muka soke lodi ɗaya cikin huɗu muka wayi gari rabin fasinjanmu ya koma bakin titi. Waɗanda suka fi shan wuya kuwa ba mu ba ne, ba su ba ne. Tsofaffin mata ne 'yan ƙauye, da za su ɗauko kaya a ka tun daga kasuwa har wajen gari cikin rana, don motar garinsu ba ta da izinin tsayawa a tasha.

Saboda haka, Balkisu, kada ki raina malamanku masu maganar ƙarfi, ƙarfi gaskiya ne, na riƙe shi na ji nauyinsa. Amma duk ranar da aka sa ki ba da shawara a matsa wa wani ƙarami, ki fara tambaya: in an rufe masa wannan ƙofa, wurin wa zai tafi? Ƙanana biyu da ba sa ga-maciji, tsoron babba yakan haɗa su cikin kwana kaɗan. In kuma ana maganar takunkumi ko rufe iyaka, ki tambaya wa zai ɗauki kayan a ka. Ke kanki kin ga yadda kasuwarmu ta koma lokacin da aka rufe iyakar arewa, kuma ba waɗanda suka yi rigimar ba ne suka kwana da yunwa.

Kuskure na biyu tsoro ne ya jawo shi. Labari ya zo mana wai na bakin titi suna shirin shigowa tasha su riƙa janye fasinja da ƙarfi. Ban bincika ba. Na sa ƙarti huɗu a bakin ƙofa, kowa da gora. Wallahi niyyata tsaro ce kawai, ban ce su taɓa kowa ba. Su kuma can da suka hango gorori sai suka ce Mamman na shirin zuwa ya tashe su, suka ajiye mutum shida. Da na ji shida na mayar da nawa takwas. Kowa na cewa kare kansa yake yi. Ran nan wani direban Maiyama, mai suna Nomau, tayarsa ta yi faci kusa da mu, ya nufo ƙofa riƙe da ƙarfen kwance taya don ya ari jak. Mutanena suka ga ƙarfe a hannun ɗan Maiyama, ba su tsaya jin bakinsa ba. Aka karya masa hannu biyu. Sai wajen masu ɗori na Aliero aka kai shi, ya yi wata huɗu bai riƙe sitiyari ba, yana da 'ya'ya biyar.

Duk tsawon wannan lokaci lambar Arzika tana cikin wayata. Kira ɗaya ya isa in ce masa, me nake ji, gaskiya ne kuna shirin shigo mana? Na san da ya gaya mini gaskiya, don bai iya ƙarya ba. Ban kira ba, don kada a ce Jega ce ta fara neman magana. Ki riƙe wannan da kyau. Abin da kike kira tsaro, wanda ke tsallake hari yake gani, kuma ba ya cikin zuciyarki balle ya san niyyarki. Komai zafin rigima, a bar hanya ɗaya a buɗe wadda za a riƙa tambayar juna kai tsaye. Ko da abokan karatunki ne ko maƙwabtan ɗakinki, kada ki yanke hukunci da an ce.

Bayan abin Nomau dattawan garuruwan uku suka sa baki, suka ce dole a yi sulhu. A nan na juye na zama mutumin takarda. Na ce duk abin da ya jawo fitina shi ne al'adar ba a rubuce take ba, yanzu sai a rubuta kowa ya sa hannu. Wannan kam ba laifi ba ne. Laifin yana yadda na yi shi, shi ne kuskurena na uku. A wajenmu, in an zubar da jini ko an karya ƙashi, waɗanda suka yi ɓarnar su ke tashi su je garin wanda aka cuta, ko da su ne manya. A zauna ƙasa tabarma ɗaya, a fara duba mai ciwo kafin a buɗe wata magana. Kowane direba ya san haka, ni ma na sani. Amma na ce zamani ya canza, a zo Jega tunda nan ce cibiya. Na zaɓi ranar kasuwa. Na sa aka jera kujeru da teburi, aka kawo lasifika.

Ni na rubuta takardar ni kaɗai. Na mayar da lodin baƙo, amma ɗaya cikin shida maimakon ɗaya cikin huɗu. Sannan na saka wani layi a farko mai cewa rikicin ya samo asali ne daga lodin da direbobin Maiyama da Aliero suka yi ba bisa ƙa'ida ba. Sunan Nomau bai fito ba ko sau ɗaya. Aka karanta a lasifika, duk kasuwa na ji. Wakilin Aliero ya sa hannu ya yi gaba abinsa, don su suna da albasarsu, ba su damu ba. Arzika ya tsaya riƙe da biro. Direbobinsa sun gaji da zaman bakin titi, damina ta kusa, ba rumfa a can. Ya sa hannu. Da ya miƙo mini biron ya yi magana a hankali, ni kaɗai na ji.

Ya ce, “Na sa hannu don mutanena na da iyali. Amma ka sani ba sulhu munka yi ba. Ka kira ni gaban jama'a kac ci mutuncina, ni da nib ba ka ƙanwata.”

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Na koma gida ranar ina jin na yi nasara, har ana yi mini barka. Takardar ba wanda ya karya ta. Kawai dai a hankali direbobin Maiyama suka daina shigowa, suka gina rumfarsu a bakin titi, tana nan har yau, kin sha wuce ta. Takardar kuma tana cikin akwatina da sa hannun mutum uku.

Malamanku masu son yarjejeniya suna da gaskiya, zama teburi ya fi gora. Amma in kika ga yarjejeniya, kada ki tsaya ga abin da aka rubuta. Ki tambaya a garin wa aka zauna, wa ya riƙe alƙalami, kuma shin ƙaramin zai iya komawa gida ya dubi idon mutanensa? In mutum ya sa hannu don ba shi da yadda zai yi, jira kawai yake ya samu wata hanya. In Allah ya sa wata rana ke ce a ɓangaren masu rinjaye, ki bar wa ɗayan abin da zai nuna a gida, ko da bai roƙa ba.

Kuskure na huɗu a cikin gidan nan na yi shi, kina 'yar makarantar sakandare. Da can in muna maganar direbobin Maiyama a tasha, baƙinmu muke cewa, kuma kin san matsayin baƙo. Da rigima ta fara muka koma cewa 'yan waje. Daga baya sai mutanen can. Ba wanda ya zauna ya yanke haka, baki ne ya saba, zuciya ta bi shi. Yaran da suka fara tuƙi bayan wannan sun taso sun ɗauka tun asali gaba ce tsakaninmu, ba su san mun ci kwano ɗaya ba. Har ta kai ni na shigo da abin gida. Wata rana Innarki ta ce za ta Mungadi suna, na ce mata, “Wajen mutanenku za ki ke nan? Ki zaɓa, ko nan ko can.”

Tana ɗaura kallabi ta ce, “Alhaji, kai mijina na, shi kau wana na. Ba ni kai maganarka can, ba ni kawo tashi nan. In ka hana ni zuwa, ba ni zuwa, amma ba ni cewa na zaɓa.”

Kunya ta sa ban hana ta ba. Shekara goma sha ɗaya tana kan wannan. Can ana ce mata ta bi miji ta bar dangi, nan ina yi mata fuska duk ranar da ta dawo. Ba ta taɓa kawo mini gulmar gidansu ba, kuma na tabbata ba ta kai tawa ba. Kin ce mini yanzu babbar gardamar da ake yi ita ce ta ƙasashe irin tamu, da manya ke ja kowa na cewa a bi shi, wasu na ganin ƙin zaɓen ɓangare ragwanci ne ko wayo. Ni dai na zauna da mai wannan matsayi a gida ɗaya, kuma ban ga ragwanci ba. Ta fi mu duka shan wahala, kuma ba don ita ba da ku ba ku san gidan kawunku ba. In za ki tsaya tsakani, ki yi irin tata: kowane ɓangare ya san iyakarki tun farko, kada ki gaya wa wannan abu ɗaya ki gaya wa wancan wani.

Ga wani abu kuma. Duk abin da kika karanta a sama, labarin Jega ne, daga bakin wanda ya riƙe alƙalami. Na yi ƙoƙari in faɗi laifina, amma ko a hakan ni na zaɓi abin da zan faɗa. In kika zauna da Nomau, ban san me zai ce ba, don ban taɓa tambayarsa ba. Littattafan da za a ba ki can, yawancinsu mutanen manyan ƙasashe ne suka rubuta su, suna bayanin duniya daga inda suke zaune. Ki karanta su da kyau, ki ci jarrabawarki, kada ki yi musu girman kai. Amma ki riƙa tambaya ko wanda aka karya wa hannu haka zai ba da labarin. In ba ki samu littafinsa ba, wataƙila ke za ki rubuta.

Sauran nasiha kin san ta. Ki tsare sallarki a kan lokaci ko da ke kaɗai ce a ajin. Ki ci abinci, kada ki ce sai tuwo. Ki riƙa kiran Innarki, ni ko saƙo ya ishe ni. In kin ɓata wa wani, ki je da ƙafarki tun abin bai kwana biyu ba. Wannan na ƙarshen da bakin wanda bai yi ba nake faɗa miki.

Sau biyu na nemi gyara, duka ta hannun wani. Na farko na tura limamin unguwarmu. Na biyu, da azumin bara, na aika da shinkafa da goro. Arzika ya karɓa, ya raba wa maƙwabta, ya ce wa ɗan aiken, “A gode mishi. Amma ina ce shina da ƙahwa, kuma ya san hanya.” Da aka gaya mini sai na yi fushi, na ce ai na yi nawa. Da na fara rubuta takardar nan ma, niyyata in ce ki je ki yi masa sallama, ki ba shi haƙuri a madadina, tunda ke ce mai karatun jakadanci. Da na kai tsakiya na ga wannan aike na uku ne kawai.

Don haka ga abin da na yanke. Ranar Lahadi ba motar haya za ki shiga zuwa Abuja hawan jirgi ba, ni zan kai ki, da Innarki. In mun wuce Maiyama za mu ratse Mungadi. Na sha wuce wannan kwana ina kallon gabana, ba na ko rage gudu. Abu biyu nake roƙonki. Ki shiga gabana ki yi sallama, don na san kaina, in ni ne a gaba zan iya juyawa daga ƙofar zaure. Sannan in mun shiga kada ki sa baki, kada ki gyara mini magana, kada ki tausasa ta. Ki zauna ki ga babanki a ƙasa yana cewa shi ya yi laifi. Daga nan zan nemi gidan Nomau.

Innarki ta ce harshensa ya yi nauyi. Wasu ranakun yakan haɗa kalma biyu ko uku, wasu ranakun sai ido kawai. Shekara goma sha ɗaya yana da bakin da zai ce ya yafe mini, ban je ba. Yanzu zan je, ban sani ba ko zai iya faɗa, kuma in ya yi shiru ba zan san ko ciwon ne ko amsar ke nan ba. Ko ma wanne ne, ni na jawo, kuma zan zauna har sai Innarki ta ce mu tashi.

Allah ya kai mu Lahadi da rai, ni da shi. Allah ya ba shi lafiya. Ke kuma Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba, ya sa albarka a karatunki, ya dawo da ke ki same mu muna gaisawa.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Mamman Labbo